Turken da Na Kafa a Filin Yaya

"Ba zan matsar da layin ba, Yallaɓai."

Haka na faɗa wa Darakta, ina tsaye a gaban teburinsa, hannayena a baya. Taswirar ƙauyenmu ce shimfiɗe a kan teburin, ya danne gefe ɗaya da kofin shayi, ɗaya gefen da wayarsa, saboda fankar sama tana ta ɗaga takardar. Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya ce bai ji ni da kyau ba, fankar nan ta cika ƙara. Na maimaita masa, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

A takarda, abin da yake so ba wani aiki ba ne. A shekarar ne ofishinmu na tsara gari ya fito da sabon tsarin gidaje na ƙauyuka. Kowane ƙauye za a kewaye shi da jan layi: cikin layin a ba da izinin gini, wajensa a bar wa gona da kiwo da hanyar ruwa. Manufar, yadda muka rubuta ta da hannunmu, ita ce matasa su samu wurin zama a garinsu su daina kwarara birni, makaranta da shaguna da ɗakin shan magani su ci gaba da samun mutane. Ni aka tura ƙauyenmu, don an ce na san shi. Na kuwa san shi. Na ja layina ya bi ta saman kwarin da ke ƙasan gari, ya bar kwarin a waje. Shi kuma Darakta so yake in sauko da layin kaɗan, kwarin ya shigo ciki, saboda wani ɗan kwangila ya ce zai cike shi da ƙasa ya jera gidaje, har da famfo da fitilun titi. Doka ta ce wanda ya auna wurin shi zai sa hannu a taswira. Ni na auna.

Ya ce in zauna. Na ce na gode, tsayuwar ta ishe ni. Ya yi 'yar dariya, ya ce shi yana wannan aikin tun ba a yaye ni ba, kuma bai taɓa ganin layin da ya fi ƙarfin magogi ba. Sannan ya sassauta murya, irin yadda uba ke yi wa 'yarsa.

"Na ji an ce filin yayanki ma a kwarin yake."

Na ce haka ne.

"To, wa kike yi wa wannan taurin kan?"

Na naɗe taswirata na fito, na bar shi yana neman inda zai ajiye kofinsa.

Yaya magini ne. Babanmu ya rasu ina firamare, sai Yaya ya ajiye littafi ya ɗauki cokalin gini, ya ce mutum ɗaya ya isa ya yi wa gidan nan karatu, kuma ba shi ne mai kan ba. A bayan kekensa na yi zuwa makaranta, ƙafafuna a ware saboda tsoron wayoyin taya. Shi ya fara kirana Injiniya tun ban san ma'anar kalmar ba. Ya gina wa rabin ƙauyen ɗakuna, amma shi da matarsa da 'ya'yansu a ɗaki ɗaya suke kwana a gidan Inna, an raba tsakiya da labule. Babbar 'yarsa takwarata ce, kuma ta fara girma, ta kai shekarun da yarinya take so ta canza kaya ba a kallonta.

Filin da Baba ya bar masa yana bakin kwari. Shekara da shekaru, duk sanda ya samu sarari sai ya sayi buhun siminti, ya kwaɓa, ya buga bulo da ƙarfensa na hannu, ya jera a filin. Sabon bugu kuwa sai ya yi ta ba shi ruwa kowace safiya kafin ya tafi aiki, yana cewa bulon da bai sha ruwa ba ba ya riƙe gida. A hankali jerin ya fi tsayin mutum. Ya zana ɗakunan a ƙasa da farar ƙasa, duk sanda ruwan sama ya share zanen ya sake. Takwarata ta san nata ɗakin. Idan na je takan ja ni ta shigar da ni ta inda ƙofa za ta kasance, ta hana ni tsallaka bango.

Ranar da na kafa turakun iyaka, Yaya yana filin da bokitinsa. Na zaɓi zuwa bayan an yi ruwa mai yawa, domin hotunan sama da ake ba mu a ofis da rani ake ɗaukarsu, kwarin ya fito fes kamar filin ƙwallo. A ƙasa kuwa labarin daban ne. Ledoji da busasshiyar ciyawa suna rataye a rassan itatuwa daidai ƙuguna, akwai kuma tsohon tabon laka a jikin kwalbati wanda ya wuce kaina. Tun da aka shimfiɗa kwalta a saman gari aka kuma yawaita rufin kwano, ruwan da a da ƙasa ke shanyewa duk nan yake gangarowa. Na auna, na sake aunawa. Turken ƙarshe, na ƙarfe mai jan fenti, ya faɗo tsakanin gari da jerin bulon Yaya. Bulon yana waje.

Shi ya riƙe min turken ina buga guduma. Ya ce, "Injiniya, a hankali, da yatsun nan nake ci da iyali."

Na gaya masa a take abin da turken yake nufi. Ban ɓoye masa ba. Ya kalle ni, ya kalli bulonsa, sai ya fashe da dariya ya ce ai ni ce mai alƙalamin, abin da hannu ya zana hannu zai gyara. Ya ɗauki bokitinsa ya ci gaba da ba bulo ruwa.

Kafin in isa gida a ƙarshen makon da na ƙi umarnin Darakta, labarin ya riga ni. Matar Yaya, wadda ta saba tarye ni tun daga ƙofa tana cewa manyan gwamnati sun iso a ba su kujera, wannan karon sannu da zuwa kawai ta ce, ta koma bakin murhu. Yaya yana tsugune yana wanke kayan aikinsa a tsohon baho. Na gaishe shi.

"Ranki ya daɗe," ya ce, bai ɗago ba. "An sauka lafiya?"

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Inna ta kira ni ɗakinta. Ɗakin yana nan yadda na san shi, gadon ƙarfe, tsohon keken ɗinki da ta rufe da zane, hotona na ranar gama jami'a a jingine a kan akwati. Ta zaunar da ni a bakin gado, ta riƙe hannuna, ta daɗe tana murza yatsuna kamar tana duba ko su ne waɗanda ta haifa.

"Auta, ban taɓa roƙonki komai ba."

Na ce na sani, Inna. Na yi mata bayani a hankali. Kwarin nan kamar kwano yake, shi ke tare ruwan gari ya riƙe har ya tsiyaye. Idan aka cike shi ruwan ba zai fasa zuwa ba, hanya zai nema, kuma hanya mafi kusa ita ce layin gidajen ƙasan gari, layinmu, ɗakin nan da muke zaune. Gidajen da za a jera a kwarin ma a kan cikon ƙasa za su tsaya. Na tuna mata shekarar babban ruwa, ina ƙarama, da rana tsaka ruwa ya shigo har tsakar gida, Yaya ya ɗora ni a wuyansa ya fita da ni, ruwan a ƙirjinsa, ni kuma na riƙe kunnuwansa ina ihu.

Ta ce ta tuna. Ta ce shi ne ai wanda ya ɗauke ni ɗin.

"Ni na tsufa," ta ce. "Ruwa ya ci ɗakina, in dai ɗana yana kusa da ni."

Na ce ba ɗakinta kaɗai ne a layin ba. Ta saki hannuna, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce in je in ci abinci kada ya huce.

Tsarin ya tanadi a yi taron jin ra'ayin jama'a, sai aka yi shi a ajin makarantar firamare, ajin da na zauna a da. Dattawa suka matsu a ƙananan bencina, gwiwoyinsu suna dukan tebur. Ɗan kwangilar ya kafa wani ƙaton hoto a jikin allo: gidaje farare a jere, ciyawa koriya shar, da wata mata tana tura jariri a keke. Telan garinmu ya tambaya ko matar ma tana cikin kwangilar, aka kwashe da dariya. Mutane sun ji daɗi. Na ga matar Yaya a bakin taga tana ƙirga tagogin gida ɗaya da ido.

Sai Darakta ya miƙe ya ce akwai ɗan cikas, amma 'yarsu ce za ta yi musu bayani da bakinta.

Na fita gaba, na ɗauki alli. Na zana kwari, na zana kwalta, na zana layin gidajen ƙasan gari, na nuna inda ruwa zai bi. Muryata ba ta yi rawa ba, kuma ina alfahari da hakan har yau. Na ce ba gidaje nake ƙi ba, wurin nake ƙi. Ga tudu can a gabashin makaranta, yana cikin jan layi, ruwa ba ya kwanciya a kansa, yara za su zo aji da ƙafa. Ɗan kwangilar ya yi murmushi ya ce tudun dutse ne, shi kuma gini yake yi, ba fasa dutse ba. In ba kwari, akwai ƙauyuka da yawa da ke roƙonsa.

Mai shagon bakin kasuwa, wanda ya sha ba ni alewa kyauta ina yarinya, ya ce daga inda yake zaune, "Mun tura ki karatu ki kawo mana gida, kin dawo kina ba ruwa fili."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki. Wata tsohuwa ta ce ita rabonta da ganin ruwa irin wancan tun haƙoranta suna nan. Hedimasta bai zarge ni ba, cewa kawai ya yi a dubi bencinan baya, da yara babu kowa a kansu ko a ranar karatu, kuma idan aka ci gaba da raguwa haɗe makarantar za a yi da ta wani gari. Wannan ta fi duk tsakin shiga jikina, domin gaskiya ce, kuma don hana faruwar hakan aka rubuta tsarin tun farko.

Wani ya ce a ji ta bakin magini, tunda filinsa ne a gaba. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa ta aiki a hannu. Ya ce shi bai iya magana a taro ba, ƙanwarsa ce ta yi karatu. Ya juya ya fita.

Darakta ya nemi wani ya sa hannu a madadina. Bai samu ba, ba don abokan aikina sun goyi bayana ba, sai don rahotona da hotunan tabon laka sun riga sun tafi hedikwata, ba kuma wanda yake so a nemo sunansa ranar da ruwa ya zo. Sai aka jingine ɓangaren ƙauyenmu gaba ɗaya. Ɗan kwangilar ya naɗe hotonsa ya tafi ƙauyen da ke gaba da mu. Ni kuma aka mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin taswirori, a ƙarshen baranda kusa da banɗaki, ɗakin da ba shi da taga, mai warin takarda da ɓeraye. A ofis suka sa min suna Mai Layi. Idan na wuce sai wani ya ce a kauce, kada a taka mata iyaka.

Ban nemi canjin wurin aiki ba, ban kuma je ɗakin kowa ba da haƙuri ba. Kullum ina riga kowa zuwa, da gugaggun kaya, in share ɗakin da kaina, in shimfiɗa taswirar tudu a kan akwatuna. Na bi tudun da ƙafa na gano inda dutsen ya yi zurfi da inda za a iya haƙa tushe. Na tsara ƙananan filaye da iyali za su iya ginawa da kansu ɗaki bayan ɗaki, yadda mutanenmu suka saba, ba sai an jira ɗan kwangila ba. Na kai wa Darakta, ya ce zai duba. Na sake kaiwa, aka ce yana taro. Na kai wa Yaya kwafi, na nuna masa fili na farko a bakin hanya, na ce da zarar an amince nasa ne. Ya tambaye ni yaushe. Na ce ban sani ba. Ya ce 'yarsa ba za ta daina girma ba don ofishinmu yana taro.

Wata safiyar Asabar na sauka daga mota na hangi babbar mota a filin kwari. Leburori suna loda bulon. Ɗan kwangilar ne ya saya, za a kai ƙauyen gaba, domin kowa ya san bulon Yaya ba ya marmashewa. Yaya da kansa yake miƙa musu, yana faɗa da duk wanda ya jefa da ƙarfi. Wani abokinsa ya samo masa aiki a birni, a wani gini mai hawa da yawa, da ɗaki biyu na haya a bayan gareji. Takwarata tana zaune a tsakiyar ɗakinta na farar ƙasa, ta ƙi tashi, motar kuma ta bi ta kan ɗakin iyayenta.

Na tsaya daga nesa. Da direban ya zo juyawa, tayar baya ta doki turkena ya tuge ya faɗi can gefe. Motar ta tafi, ƙura ta lafa. Babu kowa a wurin sai ni da Yaya da yarinyar, kuma bai san na iso ba. Na ga ya ɗauki turken, ya juya shi a hannu. Zai iya jefa shi cikin kwari. Zai iya kafa shi ƙasa da filinsa, ko don ya huce haushi. Sai ya tsuguna ya laluba ƙasa har ya samu tsohon ramin, ya zura shi, ya buga da dutse, ya ja baya ya rufe ido ɗaya ya duba ko ya miƙe, yadda yake duba bango.

Da ya juyo ya gan ni, bai yi mamaki ba.

"Na mayar miki da shi inda kika kafa," ya ce. "Ban rage miki ko yatsa ba, Injiniya."

Na ce, "Yaya." Ya kakkaɓe hannunsa a wando, ya ce in riƙa leƙa Inna, ƙafar nan tata tana damunta da sanyi. Ya ɗaga 'yarsa daga ƙasa, duk da ta yi girman da ba a ɗauka, ya ɗora ta a wuyansa. Ta riƙe kunnuwansa. Suka bi hanyar gida, ni kuma na zauna a inda bulon ya bar sawunsa a ƙasa, na yi kukan da ban yi a ofis ba, ban yi a taro ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Kwarin ya cika ya tsiyaye kamar kullum, ruwa bai shiga gidan kowa ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa don an bar kwarin ne. Mai shago yakan tambaye ni ko ruwan nawa yana hanya. A ƙauyen gaba an kunna fitilun titi, matasanmu da yawa sun koma can. An rufe ajin da muka yi taro, an tara bencinansa a baya. Taswirar tudu tana kan teburin Darakta, ko a ƙarƙashinsa.

Ina zuwa gida duk ƙarshen mako. In share ɗakin Yaya, wanda har yanzu labulen tsakiya yake rataye, in shafa wa Inna magani a ƙafa. Tana amsa gaisuwata, tana zuba min abinci, ba ta taɓa yi min gori ba. Amma ta daina kirana Auta, kuma idan wayarta ta yi ƙara takan tashi da ƙyar ta shiga ɗaki ta turo ƙofa kafin ta amsa. Hotona yana nan a kan akwati.

Da za a sake shimfiɗa min taswirar gobe, a nan zan ja layin. Na san abin da na gani a jikin kwalbati, kuma ba zan sa hannu a ce wa mutane su kwanta a hanyar ruwa ba. Layin yana nan inda na ja shi. Abin da na biya shi ne yayana, wanda ya gina wa gari ɗakuna yana kwana a haya a bayan gareji, da takwarata da ba ta ƙara karɓar waya ta gaishe ni ba, da uwata da take tsufa ba ɗanta a kusa, a gidan da na hana ruwa shiga.